Tabo mai kusurwa huɗu

Mako uku bayan aikin, dattijon ya dawo asibiti, ya ɗaga taguwarsa. A bayan kafaɗarsa ta dama akwai wani tabo baƙi ƙirin mai kusurwa huɗu, kamar an ɗora masa dutsen guga. Makero ba ya zuwa da kusurwa. Ina gani na gane faɗin tagar na'urarmu ne.

Aikina ɗaukar hoto ne a ɗakin da ake buɗe jijiyoyin zuciya da suka toshe. Likita ke zura waya yana taka feda, hasken eksire na tasowa daga ƙarƙashin gado, ya ratsa bayan majiyyaci, hoton ya fito a allo. Ni kuwa na'ura ce a hannuna, da wata lamba a gefen allo mai ƙirga hasken da aka saki.

Dattijon, Alhaji, mutum ne mai jiki, na'urar kuwa idan ta tarar da kauri ƙara ƙarfi take yi da kanta, ba ta neman izinin kowa. Jijiyarsa ta toshe gaba ɗaya, waya ta ƙi wucewa. Muka tsaya a kusurwa guda, an ƙara girman hoto, ana ta maimaita ɗauka. Duk minti biyar ƙararrawa ta yi kuka, ni kuma in miƙa yatsa in kashe ta. Lamba ta wuce miligire 3,000, ta wuce 5,000, ina kallo.

Kuma ba rashin sani ba ne. An koya mana cewa daga gire 2 (wato miligire 2,000) fata na iya fara sauya launi, wajen gire 3 gashi na iya zubewa, illar kuwa galibi sai bayan kwanaki ko makonni take bayyana. Tun 1994 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin wannan ƙuna. A bangonmu ma akwai takardar shawarwari goma ta hukumar makamashin nukiliya ta duniya, har ta koɗe. Rage hotuna daga 15 zuwa 7.5 a daƙiƙa, tsuke taga, sauko da faifan karɓar hoto kusa da ƙirji, duk aikina ne, ban yi ko ɗaya ba. Abin da ya hana ni jin nauyi ne. Likitan ya haife ni a aiki, gumi na zuba a ƙarƙashin rigar dalmarsa, sai na ga rashin ɗa'a ne in katse shi. Alhali idonsa na kan jijiya ne domin ya san nawa na kan lamba.

Aikin ya yi kyau, jijiya ta buɗe. A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi ci mini rai: ban rubuta lambar a fayil ba. Ƙa'ida ita ce idan ta kai 5,000 a gaya wa majiyyaci, a nuna masa inda zai riƙa dubawa, a sa masa ranar dawowa. Alhaji ya tafi bai san komai ba. Da ƙaiƙayi ya taso ya je kemis, aka ba shi man shafawa. Wani likitan fata har ya yi niyyar yankar ɗan wurin don gwaji, fatar da haske ya ƙona kuwa idan aka yanke ta tana iya ƙin warkewa. Allah ya sa ya tambaya ko an taɓa yi masa aiki.

Na tsuguna gaban Alhaji na faɗa masa yadda aka yi. Ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, ai da ka gaya mini. Har na fara zargin maƙwabcina a kasuwa."

Fatar ta saɓule, ta ɗauki watanni kafin ta rufe, tabon na nan har yau.

Litinin ɗin da ta biyo bayan dawowar Alhaji, muna tsakiyar wani aikin, lamba ta kai 3,000. Bakina ya bushe, amma na ce, "Yallaɓai, dubu uku." Bai ko ɗago kai ba. Ya ce in juya masa na'urar zuwa wata kusurwa.