Abin da Tagogin Jidda Suka Koya Mini

Mai karatu, idan a Sabon Ibadan ka tashi, sunan Jidda ba baƙo ba ne a kunnenka. Sai dai yawancin alhazanmu filin jirginta kawai suke gani, daga nan sai motar Makka. Na daɗe ina burin ganin garin kansa, bana kuwa bayan Umara Allah ya nufa na yi kwana biyu a cikinsa.

Jidda tana bakin Bahar Maliya, kuma tun zamanin Halifa Usman bin Affan take mashigar masu zuwa Makka ta ruwa. Tsohon garin, wanda ake kira Al-Balad, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajensa benaye ne masu hawa uku zuwa biyar, an gina su da dutsen murjani na teku, ana jera katako a tsakani. Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. A ƙofarsa akwai tsohuwar darbejiya, irin tamu ta gida.

Abin da ya fi tsayar da ni su ne tagogin da suke kira rawashin. Na katako ne, sun turo waje daga bango, an sassaƙa su kamar raga. Iskar teku tana ratsawa, zafin rana yana tsayawa a waje, matan gida suna kallon titi ba a ganinsu. Ga sutura, ga iska, tun kafin a san fanka.

Yanzu ka dubi ɗakunanmu na Sabo. Mutum shida a ɗaki guda, taga ɗaya, ita ma an toshe ta da kwali ko labule mai kauri saboda idon maƙwabta da sauro. Ga gawayi a bakin ƙofa, ga janareta a lungu. A irin wannan ɗaki tarin fuka da sanƙarau suke saurin yaɗuwa, hayaƙin janareta kuwa yana kashe mutum cikin barci. Kullum ina miƙa wa iyaye mata maganin tari, amma ba ƙwayar da za ta maye gurbin iska. Ka buɗe tagar nan, ka sa mata waya mai hana sauro da labule marar nauyi, ka nisanta janareta daga ɗakin kwana.

Idan kuma tafiyar ta zo maka, ka shiga Al-Balad bayan La'asar da gorar ruwa, domin zafin Jidda haɗe yake da gumi. Magungunanka su kasance a kwalinsu, cikin jakar hannu, tare da takardar likita. Mai ciwon suga ya kiyaye insulin daga rana. Kada ka karɓi saƙon maganin kowa, musamman tramadol, kuma goron Sabo ya tsaya a Sabo, don an hana shiga da shi Saudiyya.

Allah ya kai wanda bai je ba, ya ba mu lafiyar tafiyar.