Harsasan Jiya a Kan Ma'auni

Duk inda masoya tarihin makamai suka zauna, ba a rasa gardama a kan wane harsashi ne ya fi nagarta cikin waɗanda aka ɗura wa tsofaffin bindigogin soja masu sakata, wato irin waɗanda sai an ja ƙarfe baya an mayar da hannu kafin kowane harbi. Ni ma na daɗe cikin wannan gardama, kuma abin da ya ja ni gare ta shi ne yawancin harsasan nan sun yi aiki a ƙasarmu ko a hannun mutanenmu. Na Ingila ya bi dakarun Lugga zuwa Kano da Sakkwato a 1903, na Faransa ya kai har Damagaram da Agadas, bindigogin Jamus kuwa sun yi ƙara a Dutsen Mora na Kamaru har zuwa Fabrairun 1916.

Abu na farko da na lura da shi shi ne lambobin da ake kiran harsasan da su ba sa faɗin komai dalla-dalla. A cikin bututun bindiga akwai zane murɗaɗɗe mai tudu da kwari, wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi sak. Wata ƙasa takan auna faɗin bututun daga tudu zuwa tudu, wata daga kwari zuwa kwari. Shi ya sa harsashin Ingila mai suna .303 a zahiri ya kai kusan .312 na inci, na Jamus mai suna 7.92 kuma ya kai milimita 8.2. Wanda ya jera su bisa suna kawai zai ɗauka akwai tazara a inda babu, ya kuma rasa ganin ta a inda take.

Faransa ce ta fara buɗe fagen. A 1884 masanin sinadarai Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma aka fito da bindigar Lebel mai milimita 8. Sai dai garaje ya sa aka ɗauki kwanson tsohon harsashin Gras mai milimita 11 aka matse masa wuya, ya fito da ƙaton gindi mai leɓe da jiki mai tsukewa sama. Wannan siffa ta zame wa Faransa ƙarfen ƙafa da zamanin bindiga mai sarrafa kanta ya zo, domin jera irinsa a gidan harsashi aiki ne ja. Jamus ta biyo baya a 1888 da kwanso marar leɓe, mai tsawon milimita 57, wanda ke zamewa salin-alin. A farkon ƙarni na ashirin ta sa masa kai mai tsini, nauyinsa kimanin giram 10, gudunsa kusan mita 880 cikin daƙiƙa. A lokacin ne aka ƙara masa kauri kaɗan, kuma har gobe wannan abin kiyayewa ne: sabon harsashin ba ya dacewa da tsohon bututu mai ƙunci, ko da yake sunansu kusan ɗaya.

In don tsabar ƙira ce, ni 7×57 na Mauser nake bai wa kambu. Ba ya naushin kafaɗa da yawa, tafiyarsa kuma miƙaƙƙiya ce. Da shi sojojin Sifen suka ji wa Amurkawa a Kuba a 1898, da shi kuma Turawan Bowa na Afirka ta Kudu suka wahalar da Ingila daga 1899 zuwa 1902. Amurka ta ɗauki darasi, ta ƙera bindigar Springfield a 1903 a kan tsarin Mauser, ta kuma ba ta harsashin .30-06 a 1906. Ingila ma ta shirya sauya nata da wani mai suna .276 a 1913, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a shekarar da ta biyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole aka zauna da.303 mai leɓe, wanda tun 1910 aka daidaita shi a kan giram 11.3 da gudun mita 744.

Waɗanda suka zaɓi ƙaramin awo ma ba su samu natsuwa ba. Italiya da Japan da Suwidin sun riƙi milimita 6.5, mai sauƙin ɗauka da sauƙin saiti. Amma Italiya ta gwada 7.35 a 1938, Japan ta koma 7.7 a 1939, yaƙi kuma ya riske su da awo biyu a rumbu ɗaya, wanda ba ƙaramin ciwon kai ba ne ga mai raba kaya a bakin daga. Rasha kuwa ta kafe a kan 7.62×54 na bindigar Mosin tun 1891, mai leɓe kamar na Ingila, kuma har yau ana ɗura shi a bindigar PKM da Dragunov. A nan dai da tsohuwar zuma ake magani.

Nan ne nake rabuwa da masu yanke hukunci da alƙaluma kaɗai. Idan an jera .303 da 7.92 da .30-06 da na Rasha, a tazarar da akasari ake gwabzawa, wato ƙasa da mita 300, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi tasiri shi ne bindigar da ke ɗauke da harsashin, da masana'antar da ke iya zubo shi miliyan-miliyan, da jirgin ruwan da zai kai shi inda ake bukata. Lee-Enfield tana cin harsashi goma, alhali Mauser da Mosin da Arisaka ta Japan biyar-biyar suke ci, sakatarta kuma tana da saurin ja. Wannan ya rufe aibin leɓen .303, muddin soja ya iya jera harsasan yadda leɓen na sama ba zai maƙale a bayan na ƙasa ba.

Wani dattijo a danginmu, wanda ya yi yaƙin Bama, ya taɓa ba mu labarin bindigarsa. Bai ambaci gudu ko kaurin harsashi ba ko sau ɗaya. Abin da ya riƙe shi ne nauyinta a kafaɗa cikin ruwan sama, da yadda tsatsa ke cin bututu cikin kwana ɗaya in ba a wanke shi da ruwan zafi ba. Daga baya na fahimci dalilin: sinadarin da ke kunna harsasan wancan zamani yana barin gishiri mai janyo laima, mai kuma ba ya narkar da shi, sai ruwa. Ilimin da ya tsare ransa ke nan, kuma babu shi a jadawalin kwatance.

Saboda haka, in aka matsa mini in zaɓi ɗaya, ina yaba wa 7×57 a kan ƙira, ina jinjina wa na Rasha a kan daɗewa, amma .303 ne ke da gurbi a raina. Shi Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ɗauka zuwa kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda Hausa ta kasance harshen da sojojin Nijeriya ke fahimtar juna da shi, suka fuskanci 6.5 da 7.7 na Japan, har suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Babu wanda ya nemi shawararsu a kan awon harsashi, ko a kan yaƙin kansa. Barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna da na Dodan a Legas duk daga can suka samo sunayensu, kuma dubban mutane na wucewa ta ƙofofinsu kullum ba tare da sanin asalin sunayen ba. Ina ganin duk wanda zai auna waɗannan harsasai a ƙasar nan, wajibi ne ya sa mutanen da suka ɗauke su a cikin lissafinsa.