Kafin ku jona wayar nan, 'yan gidan haya

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu masu zaman haya a Yelwa, 'yan ADSU da 'yan Poly. Na ga an fara karo-karon sayen dikoda da sifiku, to bari in faɗi abin da na sani kafin kuɗin wani ya tashi a hayaƙi.

Mu tara ne a gidanmu. Gab da gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa farkon 2024, muka haɗa kuɗi muka sayi amfilifaya ta hannu, mai sifiku biyar da wufa. Ba don gayu ba. Duk wanda iyayensa suka tuna abin da ya faru da ɗalibai a Wuro Patuji daren 1 ga Oktoban 2012 ya san yadda ake kiran waya daga gida in aka ji kana gidan kallo bayan isha'i. Gara a kalla a tsakar gida.

Bayan akwatin nan ramuka ne birjik, amma lissafin kaɗan ne. Waya mai kai uku: rawaya hoto, fari sautin hagu, ja sautin dama. In dikodarku tana da HDMI, ku manta da su, waya ɗaya ke ɗauke da hoto da sauti. Daga dikoda ta shiga IN na amfilifaya, daga OUT ta tafi talabijin. Yawancin "ba ta magana" da ake kawo min, wallahi IN aka soka a IN, ko ba a zaɓi ramin a rimot ba. In kuma talabijin ce za ta mayar wa amfilifaya sauti, sai ramin da aka rubuta ARC a jikinsa, sauran ba za su yi ba.

Inda ake asara shi ne wayar sifika. Ja a ja, baƙi a baƙi. In aka juya ɗaya, bugun sai ya yi laushi kamar ganga ta sha ruwa. Wannan da sauƙi. Mugun abu shi ne silin waya ɗaya tak ya taɓa na kusa da shi. Wani ɗan gidanmu ya fere waya da haƙori, ya cusa, ya kuma ƙara sifikun tsohuwar DVD masu om 3 a kan na'urar da aka rubuta mata 6 zuwa 16. Ranar 7 ga Fabrairu, ana shirin bugun fenariti da Afirka ta Kudu, ta ɗauke ɗif, sai warin ƙauri. A rediyon maƙwabci muka ji mun ci.

Washegari aka zauna maganar kuɗin gyara, kuma a nan na ga zumunci ya kusa tsinkewa. Cikinmu akwai wanda kuɗin handawut ɗinsa ya zuba a karo-karon. Shi bai ce uffan ba, kansa kawai ya sunkuyar. Ƙarshe dai mutum takwas muka biya, muka cire shi.

Mai gyaran a kasuwa ko sakandare bai gama ba, amma cikin minti biyar ya gano abin da ya ƙone, ya ce mana: a kashe komai kafin a taɓa waya, a sa sitabilaiza, kuma kada a bar amfilifaya a kunne lokacin tayar da janareta. Ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Wasan ƙarshe na 11 ga Fabrairu kam tar muka ji shi, har ƙwallon Haller da ta sa aka tashi 2-1. Da ma sifikar tsakiya, mai muryar mai sharhi, ta mutu a ranar!

Mai son a duba masa haɗinsa, ina gida Asabar bayan la'asar. Ku zo da salatif ɗinku, nawa ya ƙare.