Shahon da ya dawo da ƙura

Mai karatu, yau laifina zan faɗa maka. Ina yaro na kalli Armageddon, fim ɗin 1998, a gidan kallon unguwarmu. Tun daga ranar na ɗauka in an ce dutse a sararin samaniya, to sai dai jarumi irin Bruce Willis ya je ya dasa masa bam. Da wannan ma'aunin na fara sharhin finafinai. In babu bos, babu fashe-fashe, sai in rubuta cewa fim ya yi lami. Allah kaɗai ya san daraktoci nawa na zalunta.

Labarin wani kumbo ne ya gyara mini zama. Ranar 9 ga Mayu, 2003, Japan ta harba Hayabusa, wato shaho, ba mutum ko ɗaya a ciki. Aikensa ya je wani curin dutse mai suna Itokawa, wanda tsawonsa bai wuce mita 540 ba, ya ɗebo ƙasarsa, don irin waɗannan duwatsu ragowar kayan da duniyoyi suka samu daga gare su ne.

Ya isa a 2005, sai tsautsayi ya sako shi gaba. Na'urar ɗibar ƙasa ta ƙi aiki, mai ya tsiyaye, aka yi kusan mako bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. Da injinansa suka mace a hanyar dawowa, injiniyoyi daga nan ƙasa suka haɗa lafiyayyun sassan injina biyu suka zama ɗaya. Maimakon 2007, sai 13 ga Yuni, 2010 ya iso. Ya saki ɗan akwatinsa a hamadar Woomera ta Ostareliya, shi kuma ya ƙone ƙurmus a sama. Me aka samu a ciki? Ƙwayoyin ƙura wajen 1,500, waɗanda ido ba ya iya gani.

Japanawa sun yi finafinai uku a kansa tsakanin 2011 da 2012, har Ken Watanabe ya fito a ɗaya. Ka duba fa, ba bos, ba bam, sai mutane zaune gaban kwamfuta shekara bakwai sun ƙi cire rai. Wallahi ranar da na ga hoton ƙonewarsa sai da idona ya kawo ruwa, alhali ƙarfe ne.

Tun daga nan, in na zauna sharhi, abin da nake fara tambaya shi ne: me mutanen cikin fim ɗin nan suke tsoron rasawa?