Ƙwallon da Muka Koya a Takarda

Mu da muka taso a Kano a shekarun 1980, ƙwallon Turai karanta ta muka fi yi a kan kallonta. Talabijin ba kowane gida ba, inda ma akwai sai la'asar tasha ke buɗewa, kuma ba don yara ake buɗe ta ba. Abin da ke kaiwa hannunmu shi ne tsofaffin mujallun Ingila, Shoot da Match, waɗanda masu littattafan gwanjo ke bazawa a ƙasa a bakin kasuwar Sabon Gari, rana duk ta koɗar da bangonsu. Kafin su iso mana, kakar wasan da suke ba da labari ta daɗe da ƙarewa. Ko a jikinmu.

Kuɗin tara ake haɗawa, mutum uku ko huɗu, a sayi guda ɗaya. Rigima kuwa ba ta tashi sai an zo kan hoton tsakiya. Wanda ya fi zuba kuɗi shi ke ɓalle ƙusoshin a hankali da farce, ya kai ɗaki ya manna a bango da ƙaro, in babu ƙaro da lomar tuwo. Kafin damina ta fita kyankyasai sun cinye tuwon, sun haɗa da rabin gashin bakin Ian Rush.

Amma wanda ya fi tafiya da hankalinmu Roy of the Rovers ne, labarin zane na Roy Race, ɗan wasan gaban Melchester Rovers, mai riga ja da rawaya da ƙafar hagu mai tsinka raga. Tun 1954 ake zana shi a mujallar Tiger, a 1976 ya sami tasa ta kansa, duk mako. Mu kuwa ba a jere take zuwar mana ba. Sai ka sami wadda aka zura wa Melchester biyu kafin hutun rabin lokaci, ta gaba kuma har abada ba za ka gan ta ba. To, a kan dakali bayan sallar isha muke ƙarasa wasan da baki. Wannan ya ce Roy ya farke da ka, wancan ya rantse fenareti ce, kamar a gabansa aka buga. Ina ganin nan ne son ƙwallo ya kama mu da gaske, domin rabin wasan mu muka ƙaga shi.

Haka ma hotunan. Ka ga mutum a sama, baya ga raga, ƙafa ɗaya ta haura kai, amma takarda ba ta nuna yadda ya tashi, balle yadda ya sauka. Da ƙwallon tsumma muka je lungu neman amsa, ƙeyarmu ta gaya mana.

A 1985 abubuwa biyu suka zo tare. 'Yan ƙasa da shekara 16 na Nijeriya suka ci Jamus ta Yamma 2–0 a ƙasar Sin suka ɗauko kofin duniya, Sunny Ojeagbase kuma ya fara fitar da mujallar Complete Football a Legas. Daga nan bangon ɗaki ya soma sauya launi: Stephen Keshi, Peter Rufai, da Rashidi Yekini wanda a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar UNTL ya fara taka leda.

Duk da haka tsohon zane bai goge ba. In ka ga mai furfura a gidan kallo yana tada jijiyar wuya a kan Liverpool, a waɗancan shafuka ya ɗauko ta, lokacin da ta ci gasar Ingila sau 6 daga 1980 zuwa 1988. Ya jira shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, yara na yi masa tsiya, bai sauya riga ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk da Turanci muka sha wannan daɗi, alhali muna da namu labarin. Mighty Jets ta Jos ta ci gasar ƙasa a 1972, Raccah Rovers ta Kano a 1978. Marubutanmu da masu zane, ku nemi dattawan da suka buga ko suka kalla tun suna raye, ku rubuta wa yara wannan da Hausa, ku sa hoton tsakiya.