Da Kayan Gyara na Jaka Goma, Daga Maraɗi zuwa Tasawa ta Sarkin Hausa

Wanda zai je Tasawa daga Maraɗi ba ya bukatar shawarar kowa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ce, kwalta tun daga Cadawa har Agye da Gazawa, wajen kilomita 120, kuma duk garin da ka tsaya za ka tarar da mai faci a gindin bishiya. Mu ba ita muka bi ba. Muna da gaisuwar rasuwa a wani ƙauye na ƙasar Sarkin Hausa, muna da saƙo a Mayahi, ga shi ɗan ƙanwata, wanda ke kabu-kabu a Maraɗi, ya nace sai mun ratsa Gulbin Kaba mun ɓullo Tasawa ta arewa. Lokacin ɗari ne, an daɗe da gama girbi. Babura biyu muka ɗauka, nasa mai injin 125, nawa ƙarami mai 110, irin na zuwa aiki da dawowa.

Tunda za a bar kwalta, dole maganar kayan gyara ta taso. Jaka goma ta sefa na ware, ba don raini ba, iyakar abin da aljihu ya yarda ke nan.

Ranar Litinin, ranar kasuwar Maraɗi, muka shiga layin masu kayan babur. Idon yaron ya fara sauka kan wani jan akwatin roba, an jera ƙarafa birjik a ciki, kowanne na ƙyalli, kuɗinsa kuma bai wuce kasafinmu ba. Na san inda ya samo sha'awar. Yana yawan kallon Turawa a waya, masu biyan kuɗi a ba su filin tsere yini guda su gwada baburansu, kowa da akwatinsa mai hawa-hawa. To su mota ce ke ɗaukar musu kayan, inuwa na jiransu a bakin fili. Mu duk abin da muka saya bayan babur zai hau, in kuma babur ya kafe a rairayi da nauyinsa za mu tura.

Wani dattijo da ke shimfiɗa tsofaffin ƙarafa a kan buhu, tsohon makanike ne tun zamanin Mobylette, ya dubi akwatin ya girgiza kai. Ya ce da ni, "Malam, mi za ku yi da wanga? Ku turo moto ɗin. Shi ka faɗa muku abin da za ku saye." Muka turo. Ya durƙusa ya bi baburan noti-noti, yana gwada sifana yana ajiyewa gefe. Da ya gama, shida ne kawai a gefen: lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Dalili kuwa, yawancin baburan Sin da suka cika ƙasar nan, su Kasea da Haojue da 'yan uwansu, daga ƙirar Japan aka kwaikwayo su, notunansu ma tsarin Japan suke bi. Shi ya sa lamba 13, wadda ba a rasa ta a motar Faransa, da wuya ka nemi ta a jikinsu, sai fa in wani makanike ya taɓa cusa baƙon noti. Kashi uku cikin huɗu na jan akwatin nan ba su da abin kamawa a baburanmu.

Ya daɗe kan lamba 10, don ita ce ke aiki kullum, daga batir zuwa murfi zuwa wayar birki. Ya ce a nan ba a neman araha. Sifana mai taushin ƙarfe bakinta na buɗewa, ta zame ta cinye kusurwar noti, notin da ya zama mulmulalle kuwa a daji ba mai kwance shi. Ya zaɓo mana tsohuwa wadda duk ƙyallinta ya goge, baki ɗaya buɗaɗɗe ɗaya zobe, ya sa a noti ya ce in girgiza. Ko motsi. Rubutun da ake bugawa a jikin sababbi bai dame shi ba, ya ce kowa na iya bugawa. Lamba 17 da 19 na gatarin taya ne, sai masu tsawo, don hannu ya samu ƙarfi. Na fulogi kuma ya ba mu bututu guda mai baki biyu, 16 na ƙaramin babur, 18 na babba.

Inda ya sassauta shi ne filaya da sukundireba mai juyawa, baki ɗaya fale ɗaya gicciye. Ya ce kowanne muka samu ya isa. Ƙarfen cire taya ma ba na kanti ya nuna mana ba. Maƙera na ƙera su da tsohon ƙarfen mota, kuɗi kaɗan, sai dai ka tabbata an goge bakin ya yi sumul kada ya ciji tif. Sauran kuɗin ya tafi kan famfon hannu mai kyau, faci da gam, tif guda, fulogi biyu, wayar kuloci da maɓallin sarƙa. Tayar ƙaramin babur 17 ce, ta babban 18, kuɗin kuma bai isa tif biyu ba. Dattijon ya ce mu ɗauki na 17, in ta kama zai miƙe ya shiga babbar taya ya kai mu gari. Waya da tsumma da robar tsohon tif kyauta ya ba mu. Duka muka naɗe a ƙafar tsohon wando, bai fi a riƙe da hannu ɗaya ba.

A Cadawa muka cika tanki kafin mu juya arewa. Shekaru da dama man Najeriya ne ke tuƙa baburan wannan yanki, a kwalabe a bakin hanya, har zuwa Mayun 2023 da aka cire tallafi can. Tun daga nan lissafin ya canza, kowa ya koma duban na matatar Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011. Amma a ƙauye har gobe kwalba ce gidan mai, kuma kwalbar da ta yini a gefen hanya cikin hunturu ba ta rasa ƙura. Yaron ba ya yarda a zuba masa sai ya shimfiɗa tsumma a bakin mazurari. Abin da ke saura a tsumman ya isa ya toshe kafireto.

Da muka bar babbar hanya muka shiga turbar amalanke, sai ƙasar ta nuna halinta. Jigawa ce, rairayi ja mai laushi, an tattake shi da kofato da tayar amalanke har ya zama kwari biyu da tudu a tsaka. Muka tsaya muka rage iskar taya kaɗan don ta baje ta daina nutsewa. Ragin na da iyaka. In ya yi yawa taya na zamewa a jikin ƙarfenta, ta ja tif ta yage shi daga gindin bawul, wannan kuwa faci ba ya maganinsa. Shi ma famfon dalilinsa ke nan: wanda ba shi da abin mayar da iska ba shi da ikon rage ta. Tuƙin kuma sai a giya ta biyu, a ja jiki baya, a saki hannu kada a yi kokawa da kan babur, kuma kada a taɓa birkin gaba. Yaron na gaba yana wucewa abinsa, ni ina baya ina dogara ƙafa.

Abin da ya fi burge ni a gonakin nan itatuwa ne. Gawo ya cika ko'ina, kore shar a tsakiyar rani kamar yadda ya saba, ga aduwa da magarya da kalgo. Dattawa za su gaya maka bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonakin sun yi fayau. Manoma ne suka dawo da su, ta hanyar barin tohon kututture a lokacin sassabe, su zaɓi biyu ko uku su rene su. Aikin ya yi ƙarfi a jihar Maraɗi tun wajen 1983, lokacin da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya dage a kansa tare da manoma, yau ana maganar kadada miliyan biyar a Nijar. Alheri ne ga gero da dabbobi da mai girki. Mai babur dai nasa rabon ƙaya ce. Reshen da aka sassabe, da wanda aka janyo don shinge ya faɗi a hanya, duk suna kwance ƙarƙashin rairayi ba ka ganinsu.

Tayar baya ta babban babur ce ta fara samu, ana sauran ɗan tafiya mu isa ƙauyen. Muka tura zuwa inuwar gawo, muka share ƙasa da ƙafa tukuna, don gindin gawo ma ba ya rasa nasa. Yaron bai cire tayar gaba ɗaya ba. Ya kwantar da babur, ya ɓalle gefe guda da ƙarafan maƙera, ya zaro tif. Ba kwanon ruwa, sai ya hura ya bi da leɓensa har ya ji iskar. Ya kankare wurin, ya shafa gam siriri, sannan ya zauna. Wani yaro mai kiwo da ya tsaya kallo ya ce ya manna mana tun bai bushe ba. Ɗan ƙanwata ya ce masa, "Ƙanena, sai ya bar ƙyalli." Gaskiyarsa, gam ɗanye ba ya riƙe faci. Yana jira ya zura yatsu cikin tayar yana shafawa a hankali, sai ga ƙayar aduwa, tsininta na nan a tsaye. Filaya ta zare ta. Da an mayar da tif ba a nemo ta ba, kafin a wuce gona biyu an sake zama.

Mun isa bayan azahar. Muka yi gaisuwa, "Ya haƙuri? Allah Shi jiƙan rai," aka yi addu'a, aka kawo fura a ƙwarya. Kafin mu tashi labarin famfo ya zaga gari. Wani ya turo babur, wani keke, har mai amalanke ya zo tambaya. Maigidan ya ce a ƙauyen kaf famfo guda ne, mai shi kuma ya tafi ci-rani da abinsa. A nan muka kwana.

Washegari muka kai saƙonmu Mayahi, daga nan hanya ta bi kwarin Gulbin Kaba ta wajen Kanan Bakashe. Sunan gulbi ne kawai, ruwa ya daɗe da daina gudu a cikinsa, yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke sama goruba ce da kaba, iya ganinka. Tabarma da igiya da faifai da ake kaiwa kasuwanni har Najeriya, da yawansu daga nan suke fitowa, kuma mun yi ta kauce wa amalanken shanu da aka lafta wa ɗaurin kaba. Rairayin kwarin ya fi na jigawa zurfi, injin na kuka a ƙaramar giya, ƙura na shiga ko'ina. Can ƙaramin babur ya fara shaƙewa, in na murɗa sai ya yi kamar zai mutu. Muka kwance fulogi, ya yi baƙi ƙirin. Yaron bai tsaya kan fulogin ba, ya buɗe murfin soson iska da lamba 8, ya tarar ya toshe da ƙura. Iska ta ragu, mai ya yi yawa, shi ne baƙin. Ya kakkaɓe soson, ya wanke da ɗan mai, ya matse, ya bar shi ya sha iska, ya ɗiga baƙin mai kaɗan ya murza, muka sa sabon fulogi. Tsohon ma bai mutu ba, gogewa kawai yake so, ya koma cikin ƙafar wando.

Sarƙa kuwa mun yi gardama a kanta. Ni na saba ganin ana kwarara mata baƙin mai. Shi ya ce, "Kawu, a nan mai da rairayi in suka haɗu dutsen wasa ne, haƙoran za su cinye." Ɗigo kaɗan ya sa, ya goge na waje tas, ya daidaita sakinta ya zama kamar faɗin yatsa biyu. Kan wannan na bar masa, shi ke kwana kan babur.

Gab da fita kwarin muka tarar da wani magidanci zaune gefen hanya, da buhun wake a baya da matarsa a inuwa. Sarƙarsa ce ta tsinke daga maɓalli. Yana da jakar kaya da ta fi tamu nauyi, har da guduma, amma ba ɗan maɓallin da bai kai girman ƙwallon dabino ba. Namu ya yi daidai, domin sarƙar yawancin baburan nan lamba 428 ce. Yaron ya sa masa, ya juya rufaffen kan makullin ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya, don kada wani abu ya kama buɗaɗɗen bakin ya fizge shi. Mutumin ya zaro kuɗi, muka ƙi. Uwargidan ta kwance bakin zane ta ba mu goro.

Tasawa muka shiga da la'asar. Tsohon gari ne, Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a nan a Janairun 1851 kan hanyarsa ta Katsina da Kano, kuma gabas kaɗan Maijirgi take, inda hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka mutu a hannun sojojinsu a Yulin 1899. Yaron ya so mu ƙarasa mu ga kaburburan, rana ta hana. Muka nufi tasha wajen masu kayan babur. Cikin sifana shidan nan, lamba 12 ce kaɗai ba ta fito daga ƙafar wando ba, tif da wayar kuloci ma suna nan yadda muka naɗe su. Na sayi maɓallin sarƙa biyu da ƙarin faci. Mai shagon ya ɗauko mana irin jan akwatin nan, ya ce zai rage mana. Yaron ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya mayar. Muka sa mai faci ya cika tayoyin yadda kwalta ke so, muka kama hanyar Gazawa.