A bar jingina wa Ariyus abin da bai faɗa ba

An sake turo mini bidiyon nan, wai Sarki Kwanstantin ne ya zauna a Nikiya ya naɗa Yesu Allah, Ariyus kuwa bawan Allah ne mai cewa Yesu annabi ne kawai. Kun san ni, ba na shiga rigimar addini a nan. Amma ƙarya a kan matacce tana ci mini rai.

Ariyus limamin ikkilisiya ne a Iskandariyya ta Masar. Cewa ya yi Uba ne kaɗai ba shi da mafari, shi ya halicci Ɗa tun kafin zamani, sannan ta hannun Ɗan ya halicci sama da ƙasa. Ya yarda an gicciye Yesu, ya yarda ya tashi daga matattu. Ina annabi kawai a nan?

A taron Nikiya na 325, a Turkiyya ta yau, ba a tambayi ko za a yi wa Yesu sujada ba, don dukkansu suna yi. Tambayar ita ce: halitta ne, ko zatinsa ɗaya da Uba? Bishop biyu ne kacal suka ƙi sa hannu kan cewa zatinsu ɗaya. Shi kuma sarkin da ake cewa ya tilasta wa kowa, shi ya dawo da Ariyus daga gudun hijira, ya kori Atanasiyus, abokin hamayyar Ariyus, a 335, kuma Yusibiyus na Nikomidiya, abokin Ariyus, shi ya yi wa sarkin baftisma a 337. Sai a 381 ƙurar ta lafa a taron Kwanstantinoful.

Wani zai ce kare addinina nake yi. E, ni Kirista ne, na kuma tsaya kan cewa Ariyus ya kauce, domin halitta ba ta ceton halitta. Amma kafin ka ƙi mutum ko ka rungume shi, ji bakinsa tukuna.

Mu ma a cikin gida da sauran aiki. Shaidun Jehobah sun fito fili sun ce Yesu ne farkon halitta, wannan ba ɓoye ba ne. Abin da ya fi damuna matasanmu ne: ka tambayi ɗan ƙungiyar mawaƙan coci wane ne Yesu, ya ce wanda Allah ya fara halitta, yana ganin yabo ya yi. Malaman makarantar Lahadi, ku yi wa ajinku wannan tambayar makon nan, ku zo ku gaya mini abin da kuka ji.